Motar da Ba Ta Son Tsayuwa

Kafin in isa Garwa an cuce ni sau biyu, kuma duka biyun da fara'a aka tare ni. Na farko a Kusuri ne, garin da na fara kwana a ƙasar Kamaru. Mutumin Bahaushe ne. Da ya ji na ce daga Makoda nake sai ya rungume ni, wai kakarsa 'yar Minjibir ce, ashe ma gida ɗaya muke. Ya karɓi guzurina ya ce zai yi mini takardar zama, ya kuwa kawo ta kafin la'asar, da hatimi har biyu. A shinge na farko jandarma ya duba ta, ya kira abokin aikinsa, suka yi ta dariya har ɗayan yana dafa mota. Wani fasinja mai jin Faransanci ne ya raɗa mini cewa takardar rigakafin shanu na miƙa musu. Na biyu a Marwa ne. Wani dattijo mai dogon carbi ya ce in ajiye jakata a wajensa in je in yi alwala. Da na dawo, ba shi ba jakar.

Dama ni ba mai saurin yarda ba ne tun daga gida. A wajenmu gona manne take da gona, kowace kunya da mai ita. Mun taso mun tarar in maƙwabci ya ce wa mutum sannu da aiki, bakinsa na amsawa idonsa na kan iyaka, yana duba ko fartanya ta shigo masa. Gonar mahaifinmu mu biyar aka raba wa. Sai damina ta yanke shekara biyu a jere, gyaɗa ta yi kuturta, a birni kuma ana layin sabulu da madara. Abin da ya fitar da ni ke nan, na bar Inna da matata Uwani da 'yarmu tana rarrafe. To ka haɗa wancan hali da cutar da aka yi mini a hanya, ka ga irin mutumin da ya sauka a tashar Garwa.

Kwana uku na yi a barandar masallacin tasha. A rana ta huɗu wani dattijo dogo, siriri, hannunsa duk baƙin mai, ya yafito ni daga gindin darbejiya inda yake cin abinci. Ya turo mini kwanon ya ce, "Ɗan Kano, zo ka ci. Jiya ban ga ka ci ba." Na ci, don yunwa ta riga ta gama da ni, amma ina kai loma ina tunanin abin da zai nema a wajena, ga shi ko jaka ba ni da ita.

Sunansa Jibrilla, mutumin Cadi ne. Yaƙi ne ya koro shi, iyalinsa na can tsallaken kogin Kusuri wajen dangin matarsa, shi yake aika musu da abin da za su ci. Bakanike ne, manyan motoci ya gyara duk rayuwarsa, a lokacin kuma yana kula da motocin wani attajirin Bafulatani, Alhaji Bakari, mai fataucin goro. Da ya ji na taɓa jan motar kasuwa tsakanin Makoda da Ɗambatta, washegari ya kai ni gaban Alhaji ya tsaya mini. Ya kuma ba ni rabin ɗakinsa. Na ce me zan riƙa bayarwa, ya ce in bari. Wannan "bari" ta fi komai tsaya mini a rai, don a sanina banza ba ta kai zomo kasuwa. Na riƙa kiransa Baba, ina gaishe shi da ladabi, amma takalmina a ƙarƙashin kaina nake sa shi.

Daga ni har shi ba mai takardar zama. Abin da muke yawo da shi wata wasiƙa ce da Alhaji ke ba ma'aikatansa, da hoton mutum da hatimin Alhajin, mai cewa wannan yaronsa ne. Jandarmomin hanyar sun san sunansa, in sun gan ta sai su ɗaga sanda. Wanda ba shi da ita kuwa, a shinge ake sauke shi, a tara su a babbar mota a kai su bakin iyaka. Saboda haka wannan 'yar takarda ita ce gidanmu, ita ce gonarmu.

Motar da aka ba ni tsohuwar akori-kura ce, amma injinta lafiyayye. Aibinta ɗaya, kik ɗinta ya daɗe da mutuwa, kuma a shekarun nan kayan gyara sun yi wuya, sai an tura take tashi. Mukan ɗauko goro daga Ngaundare mu kai Kusuri, mu juyo da busasshen kifi. Baba Jibrilla na gefena a duk doguwar tafiya, da akwatin kayan aikinsa a tsakanin ƙafafunsa. Ba ya yawan magana. In na taka totur fiye da kima sai ya yi gyaran murya kawai.

Cikin watan sanyi wani ɗan kasuwa mutumin wajenmu ya kawo mini kaset daga gida. A lokacin haka ake aika saƙo, a ari rakoda a zauna a tsakar gida kowa ya faɗi tasa. Na yi kwana goma ina yawo da shi a aljihu ba inda zan saurara. Rakodar mai shayin tasha a gaban jama'a take, ni kuwa ba zan bari ƙattin tasha su ji muryar matata ba. Sai na samu tsohuwar rediyon mota mai cin kaset a wajen masu gwangwan. Wata rana da azahar Baba ya tafi duba wata motar, na buɗe bonet ina neman inda zan jawo mata wuta. Na ga wata siririyar waya a gefen lagireto, inda ruwan inji yake hucewa, an soka ta a wani ɗan abu kamar kan kwalba. Fitila ba ta bi ta nan ba, ham bai bi ta nan ba, na ce lalle ragowar wani tsohon aiki ce. Na zare ta, na ƙara mata tsayi, na bi da ita ta ƙasan ƙarfe na naɗe tsaf, don kada Baba ya gani ya ce na taɓa masa mota. Rediyo ta kama.

Inna ce ta fara magana, tana yi wa rakodar ihu kamar ina bayan gari. Ta ce akuyar nan mai tozali ta haifi biyu, ɗaya ya mutu. Ta ce yayana ya matsar da gambar iyaka taku ɗaya cikin gonata, amma kada in ce ita ta faɗa. Sai Uwani, da ba za ta kama sunana ba ko a gaban rakoda, ta ce a gaida "shi", a ce masa yarinya ta fara tafiya. Can ƙasa-ƙasa ana jin daka da kukan jaki. Na kifa kaina a sitiyari na yi kuka sosai. Daga ranar, duk inda muka tsaya Baba ya sauka, sai in kunna. Da ya ga rediyon ya tambaya, na ce da ɗan batirinta take aiki, bai ƙara bi ta kanta ba.

Har sanyi ya wuce motar ba ta yi ko tari ba. Da bazara ta kama, zafin Garwa ya sauko, a daidai lokacin kuma aka ƙara shingaye a hanya, wai ana neman wasu. Inda da muke wucewa da ɗaga hannu, yanzu sai a yi layi na rabin awa. Ba dama in kashe mota, don ba mai taya ka tura akori-kura cike da goro a gaban jandarma. Sai in bar ta a silo, tana tsaye inji na aiki. A nan ta fara halinta. Muddin tana gudu allurar zafi na tsakiya ba ta motsi. Da mun tsaya sai ta fara hawa a hankali, kafin layi ya zo kanmu ta shiga ja, ruwa ya tafaso yana feshi ta ƙasan bonet. Dole a kashe, a jira ta huce, a nemi ruwa, a roƙi masu turi. Goro kuwa ba ya son rana. Tafiya biyu a jere muka kai shi Kusuri ya yi taushi, ya fara baƙi.

Alhaji ya kira mu zaurensa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce motar nan shekara nawa tana bin hanyar nan ba ta taɓa tafasa ba, don haka ko direba ne ko bakanike. In goro ya sake lalacewa, zai karɓi takardarsa a hannun ɗayanmu. Muka fito ba wanda ya kalli wani.

Baba Jibrilla ya bi motar daki-daki. Ya ce mota in tana gudu iska kyauta take samu, in ta tsaya kuwa sai fanka ta jawo mata. Muka buɗe bonet tana aiki, ga fanka na ta juyawa har ba a ganin fukafukanta. Ya ce to ba ita ba ce. Ya ja fambel, igiyar robar da ke tsakanin inji da fanka, ya ji da tauri. Ya canja murfin lagireto. Ya kwance famfon ruwa ya duba ya mayar. Ya jiƙa tsamiya ya tace, ya ɗura ruwan a lagireto ya bar shi ya kwana, da safe ya zubar, wani jan ruwa mai tsatsa ya fito. Duk da haka a shingen farko ta tafasa. Kanikawan hanya kuma kowa da nasa. Na Marwa ya ce gaskit ne ya ƙone, a sauke kan inji. Wani ya ce lagireton ne gaba ɗaya, kuma cikin ikon Allah yana da wani a shagonsa. Baba ya ƙi duka, ya ce ba ya yanka mota a kan zato.

Ni kuwa a kan zato nake kwana nake tashi. Na fara lura da shi kamar yadda ake lura da maƙwabcin gona. In ya tsaya da masu kayan gyara suna Larabcinsu na Cadi suna dariya, sai in ce da ni suke. In ya ɗora tafin hannu a kan lagireto yana motsa leɓe, sai in ce wani abu yake tofawa, alhali daga baya na gane ƙirga yake yi ya ji yadda zafin ke yaɗuwa. Na tuna ya taɓa cewa yana da ƙanen mata direba da ke zaune ba aiki. Shi ke nan lissafina ya cika. Ya kawo ni ne in riƙe wa surukinsa kujera, yanzu lokaci ya yi, yana lalata motar a hankali don a ce ni ne ban iya ba. Har daɗi na ji da na gano haka, don kyautar ɗakin nan ta daina damuna, na san kuɗinta. Ko sau ɗaya tunanina bai je kan wayar da na zare ba. Wata uku ke nan da yin abin, kuma motar ta yi ta aiki lafiya bayansa.

Tafiya ta gaba Alhaji ya ce da shi za a yi, ya gani da idonsa. Muka matsu mu uku a gaba. A shingen shiga Marwa layi ya yi tsawo, allura ta hau, ruwa ya yi feshi har kan gilashi. Sai da muka yi awa biyu a rana kafin mu shiga tasha. Baba ya tafi alwala. Alhaji ya matso kusa da ni ya ce in gaya masa tsakanina da Allah abin da na sani.

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Na ce na ga yana ɗura wani ruwa a lagireto. Na ce na ga yana tofi a kanta. Na ce kullum yana ƙus-ƙus da masu kayan gyara da yaren da ba na ji, kuma yana da suruki direba. Kowace magana gaskiya ce, ni na jera su yadda za su ba da abin da nake so.

Da Baba ya dawo, Alhaji ya miƙa hannu a gaban 'yan tasha ya ce a ba shi takardarsa. Baba ya dube shi, ya dube ni. Bai tambayi dalili ba. Ya zaro ta daga aljihun ciki, a naɗe cikin leda, ya ba shi da hannu biyu. Sannan ya ce, "Alhaji, ina alwala wani abu ya faɗo mini. Ka ba ni minti biyar da ita, ko ba don ni ba."

"Hannunka ba zai sake taɓa motata ba," in ji Alhaji.

Aka sauke wa Baba akwatinsa. 'Yan tasha suka tura mu, mota ta tashi. Ina ƙoƙarin fita ya biyo gefen tagata yana tafiya da sauri, ya ce, "Ɗan Kano, in ta yi zafi ka sa kara a fankar. Kara, ba hannu ba." Na ɗauke kai kamar ban ji ba. A zuciyata na ce wato so yake fanka ta karye a hannuna, ya cika aikinsa. Ta madubi na gan shi tsaye da akwati a tsakiyar tasha, tsakaninsa da ɗakinsa shinge huɗu.

A wajen Waza muka tarar da layin da ya fi kowanne. Alhaji ya sauka ya tafi gaba neman wanda ya sani cikin jandarmomin. Allura ta fara hawa. Yanzu ba Baba, in ta tafasa ba sauran wanda za a ɗora wa sai ni. Tsoro ne ya sa ni, ba yarda da maganarsa ba. Na tsallaka kwalbati na karyo karan dawa a wata gona, na buɗe bonet, na tsaya daga gefe na miƙa karan cikin fankar ina jiran ya tarwatse.

Fankar ta tsaya cak. Inji na ta aiki, fambel na gudu, ita kuwa ga ta a tsaye jikin kara, har ina iya ƙirga fukafukanta. Na janye karan, ta ci gaba da juyawa a hankali har ta koma kamar da. Ashe duk watannin nan rakiya kawai take yi, ba ta jan iskar da za ta kashe ashana. Irin wannan fankar ba a ɗaure take da inji ba kamar ta manyan motocin da Baba ya saba da su. Sai ruwa ya yi zafi, ɗan abin nan mai kama da kan kwalba ya ba ta wuta, sannan ta kama da ƙarfi. Na bi da ido daga fankar zuwa gefen lagireto. Ga ɗan abin, ga bakin da ake soka waya, ba komai a ciki.

Na san inda wayar take, ni na naɗe ta. Na shiga mota na fizge ta daga bayan rediyon, na warware, na dawo na soka ta inda na same ta. Na ji ƙas, fankar ta ɗauka da wani gurnani, iska mai zafi ta bugi fuskata har hulata ta faɗi. Na leƙa ta taga, allura na saukowa. Aikin bai kai minti biyu ba.

Na zauna a bakin kwalta. Kunya ce ta fara zuwa, sannan tsoro ya danne ta. Alhaji ya dawo ya ga mota na silo a cikin rana allura na tsakiya. Ya zagaya ta, ya leƙa, ya ce, "Ka gani ko? Mugu ya sauka, mota ta warke." Ya dafa kafaɗata ya sa mini albarka. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kyauta, Alhaji." Muka kai goro Kusuri lafiya lau, ya saya mini tsire da sabuwar hula.

Duk hanyar dawowa ina shirya abin da zan faɗa wa Baba, ina cewa ai yana ɗaki, a tsakaninmu za mu gyara. Na tarar da ƙofa a rufe, makulli na ƙarƙashin dutsen da muke ajiye shi. Dada Asta, mai sayar da abinci a ƙofar gidan, ita ta gaya mini. Wani direba ya ga jandarmomi sun sauke Baba daga motar haya a shinge na biyu bayan Marwa. Ya nuna musu akwatin kayan aikinsa ya ce shi ma'aikaci ne, suka ce takarda. Aka sa shi a babbar mota da wasu. Ta ce ita dai ba ta yarda Jibrilla zai cuci kowa ba, tana faɗa tana kallona. Na shiga ɗakin. Tabarmarsa na naɗe a jingine, bargonsa a kan ƙusa, da wani ƙullin gero da sukari da ya haɗa zai aika wa iyalinsa.

Sati biyu na yi ina kwana a ɗakin mutumin da na kora, ina shan ruwa a randarsa. Rediyon na cire na jefa a ƙarƙashin kujera, ban iya sake kunna kaset ɗin ba. Ran Juma'a bayan an sauko na je zauren Alhaji na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga wayar har karan. Na sa rai zai karɓi takardata, har na riga na zaro ta. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce abin da ya wuce ya wuce, ya riga ya ɗauki wani bakanike, ɗan ƙanwar matarsa, kuma direba mai gano ciwon mota ba a yar da shi. Ya ce in mayar da takardata aljihu, kada kuma in maimaita zancen a waje, sai a ce ya yi zalunci. Na roƙe shi takardar Baba. Ya yi tsaki, ya laluba cikin akwati ya jefo mini ita, ya ce in na gan shi in ba shi ya samu ya wuce shinge, amma aiki babu.

Ban bi umarninsa ba. Washegari a teburin mai shayi, inda aka fi cin naman Baba, na faɗi abin da na yi da ƙarfi kowa ya ji. Wani tsohon direba ya girgiza kai ya ce kai dai yaron kirki ne, ka ci abincin mutum kana son ka rufa masa asiri. Saura suka ce haka ne. Na rantse, suka ƙara yaba mini. Zargin da na ɗora masa cikin minti ɗaya ya zauna daram, gaskiyar da na kawo kuwa ba wanda ya saya.

Daga nan duk zuwana Kusuri, da an sauke goro sai in gangara bakin kogi inda kwale-kwale ke tsallakawa da mutane Cadi. Ina tambayar masu fito da masu dako ko sun san wani dogon bakanike Jibrilla. Wani ya ce an wuce da su can ciki. Wani ya ce ya mutu. Wani ya ce in kawo na goro ya kai ni wajensa, na gane irinsa na wuce. Damina ta zo ta wuce ina wannan nema, takardar na cikin ledarta a aljihuna tare da tawa.

Bayan kaka na gan shi. Da hantsi ne, yana fitowa daga ruwa da buhun gawayi a ka, wando a naɗe har gwiwa. Ya rame ƙwarai, gemunsa ya yi fari fat. Dako yake yi wa masu kwale-kwale, ya tsallako da safe ya koma kafin a rufe mashigi. Kayan aikinsa an karɓe tun a shinge. Ya sauke buhun, ya gan ni, ya tsaya yana goge hannu a riga.

Na durƙusa a cikin taɓo na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi Dada Asta, ya tambayi mutanen tasha. Na miƙa masa takardar da ƙullin geronsa. Ya karɓi geron. Takardar ya juya ta gaba da baya ya miƙo mini, ya ce wadda ba aiki a bayanta ba ta da amfani, kuma ba zai koma garin da ake ce masa mugu ba. Sai na faɗa masa. Na faɗi wayar, na faɗi rediyon, na faɗi abin da na gaya wa Alhaji yana wajen alwala, ban rage komai ba. Na ce, "Baba, ka yafe mini don Allah."

Ya juya ya kalli ruwa. Can ya ce, "Da ka sa karan, nan take ta tsaya?"

Na ce nan take.

"Ba ta ko karya shi ba?"

Na ce ko ɓawonsa ba ta kankare ba.

Ya gyaɗa kai a hankali, har wani ɗan murmushi ya zo masa, irin na mai sana'a da lissafinsa ya fita daidai. Ya ce shekara talatin yana gyaran fankar da ke ɗaure da inji, shi ya sa idonsa ya ruɗe shi, ya ga tana juyawa ya wuce ta. Ya ce wannan kuskurensa ne, ya daɗe yana cin sa. Na sake cewa ya yafe mini. Mai kwale-kwale ya ƙwala masa kira daga bakin ruwa, akwai sauran buhuna.

Ya ɗora ƙullin geron a kafaɗa, ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ya ce, "Minti biyar na roƙa, Ɗan Kano. Kana zaune a wurin."

Ya juya ya shiga ruwa. Na jira har azahar, har la'asar, ina ganinsa yana kai da kawowa da buhu a ka, bai sake dubowa inda nake ba. Da za a rufe mashigi ya hau kwale-kwalen ƙarshe ya zauna ya ba ni baya. Na shekara huɗu ina bin hanyar nan bayan haka, ban ƙara ganinsa ba, kuma bai ce ya yafe ba.